Darasin Wannan Wata: In Wuta Ta Ɗauke a Birni, Ƙauye Ma Yakan Ji a Jika

Darasinmu na wannan wata a kan wutar lantarki yake. Wataƙila wani ya ce, "Mu da ko falwaya ɗaya ba a kafa a garinmu ba, ina ruwanmu da ɗauke wuta a Kano?" Tambaya ce mai kyau. Amma a bi darasin a hankali. Za a ga cewa ranar da birni ya kwana cikin duhu, manomin Minjibir da na Dawakin Tofa da na Ɗambatta su ma sai sun taɓa aljihu. Hausawa sun ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Daga ina wutar take zuwa?

Yawancin wutar da ake sha a Kano daga nesa take zuwa. Hanyoyi biyu ake bi wajen samar da ita a Nijeriya.

Hanya ta farko ita ce ƙarfin ruwa. Akan tare kogi, a yi dam. Sai a saki ruwan ya faɗa kan manyan injuna, ya juya su. Juyawar nan ita ke haifar da wuta. Dam ɗin Kainji, wanda aka gama a 1968, a kan kogin Kwara yake. Na Jebba ma a kan kogin yake, ya fara aiki a 1985. Na Shiroro kuwa a kan kogin Kaduna yake, cikin Jihar Neja, ya fara aiki a 1990.

Hanya ta biyu ita ce iskar gas. Akan ƙona gas, zafinsa ya juya injuna. Yawancin tashoshin gas a kudancin ƙasar nan suke, kamar tashar Egbin da ke Jihar Legas. Wutar gas ta fi ta ruwa yawa.

Duk wanda ya taɓa noman rani a Watari ya san yadda ruwa ke isa gona. Akwai babbar hanyar ruwa daga dam. Daga ita sai ƙananan hanyoyi, har ruwa ya kai kowace fangali. In babbar hanyar ta fashe, duk gonakin da ke ƙasa sai su bushe, ko da dam cike yake. To, haka wuta take. Manyan wayoyi a kan dogayen turakun ƙarfe su ne babbar hanya. Suna kawo wuta tashar Mando a Kaduna, daga nan zuwa babbar tashar Kumbotso a Kano. Daga Kumbotso ake raba ta zuwa ƙananan tashoshi, kamar ta Dakata da ta Ɗan'agundi. Daga nan ta bi falwaya zuwa taransifomar unguwa, sannan ta shiga gida.

Akwai abu ɗaya da ya kamata a riƙe. Wutar babban layi ba kamar gero ba ce da za a zuba a rumbu a riƙa ɗiba. A lokacin da aka samar da ita, a lokacin ake shan ta. Shi ya sa in waya ta tsinke da asuba, nan take gari ya yi duhu.

Har yanzu mutane da yawa suna cewa "Nepa ta ɗauke wuta". An kafa hukumar NEPA a 1972. A 2005 aka canza mata suna zuwa PHCN. A watan Nuwamba na 2013 aka miƙa rabon wuta ga kamfanoni. Kamfanin KEDCO shi ke raba wuta a jihohin Kano da Katsina da Jigawa. Manyan layuka kuwa suna hannun kamfanin gwamnatin tarayya mai suna TCN.

Abin da ya faru a watan Oktoba na 2024

Manyan hanyoyi biyu ne ke kawo wa Kaduna da Kano wuta. Ɗaya daga Shiroro take zuwa Kaduna. Ɗayar ta taso daga Ugwuaji a Jihar Inugu, ta biyo ta Apir kusa da Makurɗi, ta wuce Jos, sannan ta iso Kaduna.

A shekarar 2024 ɓata-gari suka lalata turakun layin Shiroro. Wurin kuwa daji ne da 'yan bindiga suka addaba. Ma'aikata ba su iya shiga gyara ba sai da rakiyar jami'an tsaro. Saboda haka duk nauyi ya koma kan hanya ɗaya.

Da asubahin Litinin, 21 ga Oktoba, 2024, layin Ugwuaji zuwa Apir shi ma ya lalace. Hanyoyi biyu duka sun toshe ke nan. Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa da Bauchi da Gombe da wasu jihohin Arewa suka shiga duhu. Ranar 28 ga watan, gwamnonin Arewa suka yi taro a Kaduna, suka koka a kan lamarin. A ranar ce kuma Shugaba Bola Tinubu ya kira ministan lantarki, Adebayo Adelabu, ya ba da umarni a gaggauta gyara. Sai ranar Laraba, 30 ga Oktoba, da yamma, TCN ta ba da sanarwar ta gyara layi ɗaya, wuta ta fara dawowa. Kusan kwana goma ke nan.

A lura da lokacin. Ƙarshen Oktoba tsakiyar kaka ne. An yanke gero, ana roron wake, ana cirar gyaɗa, shinkafa ta fara shiga kasuwa. Kuma a lokacin litar fetur ta haura naira 1,000, domin an janye tallafin mai tun 29 ga Mayu, 2023. Ga rashin wuta, ga tsadar man janareto.

Yadda aiki ke tsayawa a birni

Mutanen Kano sun saba da ɗauke wuta na awa biyar ko na yini guda. Amma a ɗauke wa gari duka, kwana da kwanaki, wannan wani abu ne dabam. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, ruwa. Injunan da ke tace ruwa da turo shi daga Tamburawa da Chalawa da wuta suke aiki. Rijiyar burtsatse ta cikin unguwa ita ma da wuta take jawo ruwa. In babu wuta, sai mai rijiya ya tada janareto, ya ƙara kuɗi. 'Yan garuwa su daɗe a layi, su ma su ƙara kuɗin jarka. Mai ƙaramin ƙarfi sai ya rage wanka da wanki, ko ya koma shan ruwan da bai tabbatar da tsabtarsa ba. Daga nan gudawa da amai ke samun ƙofa.

Na biyu, masu sana'ar hannu. Mai walda ba ya iya haɗa ƙarfe sai da wuta. Haka kafinta mai injin yanka katako, da tela mai keken wuta, da mai aski, da mai guga, da mai niƙa. Waɗannan mutane ne da sai sun fita suke samun na cefane. Yini ɗaya ba aiki, yini ɗaya ba a ɗora tukunya ba. Yaran shago da ake sallama da yamma su ne suka fi shan wuya, domin in maigida bai samu ba, ba abin da zai ba su.

Na uku, masu kayan sanyi. Mai ƙanƙara, da mai kifi da kaji na firji, da matan aure masu sayar da zoɓo da kunun aya da fura da nono a cikin gida. Kayansu ba sa jira. In firji ya huce, jari ya narke. Mace mai jarin naira dubu kaɗan tana iya rasa shi duka cikin kwana biyu.

Na huɗu, masana'antu. A Bompai da Sharaɗa da Chalawa da Dakata akwai injunan casar shinkafa, da na matsar man gyaɗa, da na roba, da na fata. Babban kamfani yana da janareto mai shan man gas, amma kuɗin man yakan cinye riba. Ƙaramin kamfani kuwa rufewa yake yi, ya ce wa leburori su zauna a gida sai wuta ta dawo.

Na biyar, asibiti. Ɗakin tiyata yana bukatar haske. Kwalbar da ake sa jariri bakwaini tana bukatar wuta. Jinin da ake ajiyewa don masu haihuwa yana bukatar sanyi. Yawancin alluran rigakafin yara dole a ajiye su cikin sanyi mai awo 2 zuwa 8. In suka yi zafi, ƙarfinsu ya ragu, ko da ido bai ga wani canji ba.

Na shida, waya da kuɗi. Yau ciniki da yawa ta waya ake yin sa. In batir ya mutu, ba kira, ba tura kuɗi. Sai ka ga layi a wurin masu caji, su ma sun ƙara farashi saboda tsadar fetur. Mai POS in na'urarsa ta mutu, shi ma ya tashi daga aiki.

Sannan ga dare. Unguwa ta yi duhu, ɓarayi su samu sarari. Ba fanka, ga sauro. Ɗalibai ba sa iya bitar karatu. Gidajen rediyo ma wasu sukan rage awoyin aiki don su tsimi mai.

Yadda abin ke isowa ƙauye

Tsakanin birnin Kano da garuruwan da ke kewaye da shi akwai tsohuwar cuɗanya. Tun zamanin kakanni ake kai itace da hatsi da ganye birni a kan jakuna, a komo da taki a mangala. Yau mota da babur sun karɓi yawancin aikin jaki, amma cuɗanyar tana nan. Ga hanyoyi biyar da duhun birni ke shigowa gidan manomi.

Ɗaya. Mai saye yakan ja baya. In injin casa ya tsaya, mai injin ba ya sayen shanshera. In injin matsar mai ya tsaya, dillalin gyaɗa ya rage awo. Manomin da ke da bashin taki a kansa, ko bikin 'ya a gabansa, ba ya iya jira. Sai ya sayar yadda ta kama.

Biyu. Kayan gwari da nono ba sa kwana. Wanda ya kai tumatir ko alayyahu 'Yankaba ya san haka. Masu gidajen abinci in ba su da sanyin ajiya, kaɗan suke saye. Masu yin yogot in firjinsu ya tsaya, ba sa karɓar madara. Mai nono sai ta komo da ƙwaryarta.

Uku. Kuɗin da ake aikowa gida yakan yanke. Gidaje nawa ne a Ungogo da Gezawa da Bichi da Makoɗa suke da ɗa ko ƙane mai aiki a birni? Wani yana walda, wani ɗinki, wani lebura ne a kamfani. In aikinsa ya tsaya, abin da yake aiko wa tsofaffi ya tsaya.

Huɗu. Gyara yakan makara. Garmar shanu ta karye, ko ƙafar amalanke, ko injin ban ruwa ya lalace. An kai wa mai walda, ya ce ba wuta. In ya tada janareto, kuɗin aiki ya ninka. Kwanakin da aka rasa a farkon noman rani kuwa ba sa dawowa.

Biyar. Kaya sukan yi tsada. Man gyaɗa, da shinkafa 'yar gida, da burodi, da buhun zuba hatsi, duk sun bi ta inji. Abin da mai kamfani ya kashe a man gas, a kan kaya yake ɗora shi. Mai saye a kasuwar ƙauye shi ke biya a ƙarshe.

Ka ga ashe wanda bai taɓa kunna ƙwan lantarki a ɗakinsa ba, shi ma yana biyan kuɗin duhu.

Ba mu kaɗai ba ne

Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar sun ɗanɗana irin wannan. Kafin juyin mulki, yawancin wutarsu daga Nijeriya suke saye. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, Nijeriya ta yanke musu wuta a farkon Agusta. Yamai da Maraɗi da Damagaram suka shiga rabon wuta na awoyi kaɗan, sai a watan Maris na 2024 aka mayar. Ko a Turai ma yakan faru. Ranar 28 ga Afrilu, 2025, wuta ta ɗauke a ƙasashen Sifen da Fotugal kusan gaba ɗaya. Jiragen ƙasa suka tsaya a kan hanya. Amma su kafin gari ya waye sun mayar da kusan duka. Darasin da ke ciki shi ne, kowane inji yana iya lalacewa. Abin tambaya shi ne, akwai wata hanya ta biyu? Kuma kwana nawa gyara zai ci?

Hasken rana

Allah ya hore mana rana a ƙasar Kano. Faifan sola yana mayar da haskenta wuta, batir ya ajiye kaɗan don dare. A 2019 aka buɗe tashar sola a Jami'ar Bayero. A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe wata mai ƙarfin megawat 10 a Kumbotso. Waɗannan ba su isa riƙe birni kamar Kano ba. Dam ɗin Shiroro kaɗai an gina shi ne don ya ba da megawat 600. Amma ga bukatar ƙauye, sola tana da amfani ƙwarai. Tana jawo ruwan burtsatse. Tana riƙe firjin rigakafi a ƙaramin asibiti. Tana cajin waya da fitila. Kuma ba ruwanta da tsinkewar waya a Binuwai.

Me ya kamata mu yi?

Gyaran manyan layuka aikin gwamnati ne da kamfanoni. Amma akwai abin da ke hannunmu.

1. Mu tsare kayan wuta da ke garinmu. Ɓarayi sukan kwance waya, su zuƙe man taransifoma, kuma sun fi yin haka lokacin da babu wuta. Da ɗan gari akan ci gari. Wanda ya ga baƙuwar fuska a gindin taransifoma da dare, ya sanar da mai unguwa ko dagaci. Kada a sayi wayar jan ƙarfe a hannun wanda ba a san inda ya samo ta ba.

2. Kada a ƙona kara ko ciyawa a gindin falwaya. Kada a yi gini ko a tara kara a ƙarƙashin manyan wayoyi.

3. Wayar da ta faɗo ƙasa, a ɗauka da wuta a jikinta, ko da an kwana goma ba a kawo ba. Ana iya dawo da wuta ba tare da sanarwa ba. A kori yara da dabbobi daga wurin, a sanar da ma'aikata. Wanda wuta ta kama, kada a taɓa shi da hannu.

4. In an ɗauke wuta, a kashe dutsen guga da abin dafa ruwa, a zare su daga bango. Gobara da yawa daga nan take tashi, in wuta ta dawo mutane suna barci.

5. Kada a kunna janareto a cikin ɗaki, ko zaure, ko shago a rufe. Hayaƙinsa yana da wata guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Takan fara da ciwon kai da jiri, sai barci, daga nan sai mutuwa. A ajiye shi a fili, nesa da taga. Haka kuma kada a kwana da garwashin gawayi a ɗaki a rufe lokacin hunturu. Gubar iri ɗaya ce.

6. Kada a ajiye fetur a ɗakin kwana. Kada a zuba wa janareto mai yana aiki. Kada a yi barci a bar kyandir ko aci-balbal a kunne.

7. Kifi ko kaza ko nama na firji da ya narke ya canza wari, kada a saya don araha. Araha ba ta ado. Ruwan da ba a yarda da shi ba, a tafasa shi kafin a sha.

8. Kafin a ɗauki kayan gwari ko nono zuwa birni a irin wannan lokaci, a saurari rediyo, a tambayi dillali. Tumatir da tattasai in ba kasuwa, a yanka a shanya a kan tabarma mai tsabta. Hatsi da gyaɗa kuwa suna iya jira. In da hali, a bar su a rumbu har injuna su tashi.

9. A haɗa kai. Abin da mutum ɗaya ba zai iya saye ba, ƙungiya tana iyawa. Ƙungiyar manoma ko ta mata tana iya yin adashi ta sayi faifan sola don rijiya ko don caji. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sababbin kalmomi

Dam: wurin da aka tare kogi don a tara ruwa.
Taransifoma: na'urar da ke rage ƙarfin wuta kafin ta shiga gidaje.
Megawat: ma'aunin yawan wuta, kamar yadda ake auna hatsi da buhu.
Sola: wutar da ake samu daga hasken rana.
Masana'anta: wurin da ake sarrafa kaya da injuna.

Tambayoyi

1. Faɗi sunayen dam uku da ke ba da wuta a Nijeriya.
2. A wace tasha wutar Kano take sauka kafin a raba ta?
3. Me ya sa wuta ta ɗauke a Arewa a watan Oktoba na 2024?
4. Kawo hanyoyi uku da rashin wuta a birni ke shafar manomi.
5. Don me ba a kunna janareto a cikin ɗaki?
6. Ku tattauna a aji: wane abu ɗaya ne garinku ya fi bukatar a sa wa sola?

Aikin lissafi

Waɗannan misalai ne kawai don gwaji.

1. A ce wani tela yana zuba wa janaretonsa lita 3 kullum. Kowace lita naira 1,000 ce. Nawa zai kashe a kwana 9?
2. A ce wani gida yana sayen jarkar ruwa 6 kullum, kowace naira 100. Da aka ɗauke wuta sai jarka ta koma naira 150. Nawa ne ƙarin da maigida zai biya a kwana 9?

A rubuta amsa a littafi, a nuna wa malami. Wanda ya karanta wannan darasi, ya karanta wa iyalinsa da maƙwabtansa, musamman gargaɗin janareto da na wayar da ta faɗo. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye mu, ya sa albarka a abin da muka noma. Sai mun sadu a wata mai zuwa.